Dillancin gidaje da filaye a zamanin WhatsApp da Facebook: misalin birnin Yamai

1. Gabatarwa

A cikin wannan takarda muna so mu duba yadda dillalan gidaje da filaye suke amfani da kafofin sada zumunta na intanet wajen ƙulla hulɗa da kuma tallar hajarsu. Mun ɗauki birnin Yamai a matsayin misali domin a nan ne kasuwar fili ta fi zafi a Nijar, ko da yake abin da za mu faɗa ya shafi Maraɗi da Damagaram da Tawa daidai gwargwado. Ra'ayin da muke karewa shi ne cewa waɗannan kafofi sun rage tsadar yaɗa labarin gida ko fili har ya kusa zama kyauta, alhali tabbatar da gaskiyar labarin yana nan da tsadarsa kamar da. A ganinmu wannan ratar da ke tsakanin labari da tabbaci ita ke bayyana yawancin abin da ake gani yau cikin sana'ar, mai kyau da marar kyau. Batun kuwa bai tsaya ga masana ba, tunda sau da yawa kuɗin da ake sayen fili da su tarin shekaru goma ne na ma'aikaci, ko gumin ɗan ci-rani.

2. Ayyuka biyu na dillali

Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma an yi nazarinta sosai. A 1966 Polly Hill ta bayyana tsarin maigida da dillali a kasuwar Kumasi, sannan a 1969 Abner Cohen ya nuna yadda fataucin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan ya dogara a kan masu gidan da ke saukar da baƙo, su haɗa shi da mai saye, su kuma tsaya masa idan an sayar bashi. Emmanuel Grégoire ma, cikin littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya jaddada cewa yawan mutanen da ɗan kasuwa yake da su wani jari ne. Idan muka tace waɗannan ayyuka za mu ga la'adar dillali tana biyan abubuwa biyu. Na farko sani: ya san wa ke sayarwa, wa ke nema, nawa ake ciniki. Na biyu lamuni: ya san mai kayan, ya san kayan ba na sata ba ne, kuma gobe za a same shi a rumfarsa idan magana ta tashi.

A kasuwar shanu waɗannan biyu a haɗe suke, ga saniya ga mai ita ga dillali. Fili kuwa ba a koro shi kasuwa. Kowane fili daban yake da ɗan'uwansa, mutum ba ya sayensa sai sau ɗaya ko biyu a rayuwa, saboda haka ba ya samun gogewar da mai sayen hatsi yake samu. Abin da ya fi wannan nauyi, wanda ya sayi fili haƙƙi ya saya, haƙƙin kuwa a takarda yake da bakin shaidu, ba a ganinsa da ido ko an tsaya a tsakiyar filin.

3. Filayen Yamai da takardunsu

Ƙidayar 1988 ta samu mutum kusan 400.000 a Yamai, ta 2001 ta samu fiye da 700.000, ta 2012 kuma 1.026.848. Birnin ya bazu ne a kwance, yana cin gonakin ƙauyukan da ke kewaye da shi, ta hanyar yanka filaye, abin da ake kira lotissement da Faransanci. Tun 1997 doka ta buɗe wa ƴan kasuwa ƙofar yanka filaye, aikin da a da yake hannun hukuma. A farkon shekarun 2000 kuma gwamnati ta biya ma'aikata wani ɓangare na bashin albashinsu da filaye. Sakamakon haka filaye masu ɗimbin yawa suka shiga hannun mutanen da ba su da niyyar gini nan kusa. Fili ya zama asusu, ana ajiye shi har ranar da aure ko rashin lafiya ko aikin hajji ya taso, a sayar.

Takardun da ke bin waɗannan filaye ba darajarsu ɗaya ba. Akwai takardar shaidar gado ko ta sayarwa da ake samu ta hannun sarakunan gargajiya, wadda ke da gindi a doka tunda dokar ƙasar noma ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallaka ta hanyar al'ada. Akwai takardar da ofishin magajin gari yake bayarwa bayan yanka, wato acte de cession, ita ce mafi yawa a hannun mutanen birni. Akwai kuma takardar mallaka ta dindindin, titre foncier, wadda asalinta yake cikin dokar mulkin mallaka ta 26 ga Yuli 1932. Da yake samunta yana da wuya da tsada, a 2006 aka fito da wata mai sauƙi, aka raɗa mata suna da Hausa, “sheda”. Sunan kansa ya nuna inda matsalar take. Fili guda yana iya samun mai gona da bai yarda an biya shi ba, da magada da ba su raba gado ba, da mutum biyu kowa riƙe da takarda mai hatimi. A cikin wannan kasuwa ce wayar salula ta shigo.

4. Abin da kowace kafa take yi

Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, kuma tun daga lokacin dillali ya rage yawon ƙafa. Amma babban sauyi ya zo ne da WhatsApp, musamman bayan da aka ƙara masa saƙon murya a 2013. Muhimmancin wannan a ƙasarmu a bayyane yake. Dillali da mai saye da yawa ba sa rubuta Faransanci, kaɗan ne kuma suka saba rubuta Hausa ko Zabarmanci. Da saƙon murya mutum yana ciniki cikin harshensa, da gaisuwa da rantsuwa da “Allah ya sa albarka”, kamar yana zaune a rumfa. Hoto da bidiyo kuma sun ɗauke wahalar siffantawa.

Hanyoyi uku dillali yake bi a WhatsApp. Akwai zaure, inda dillalai suke taruwa su kaɗai ko tare da masu saye. A 2016 zaure yana ɗaukar mutum 256, a ƙarshen 2022 aka kai shi 1.024. Akwai Status, da aka fito da shi a 2017, inda hoto yake kwana ɗaya ya ɓace, kuma ba mai ganinsa sai wanda kowannensu ya ajiye lambar ɗan'uwansa. Akwai kuma saƙo kai tsaye. Status ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi kama da zaman rumfa. Dillalin da kullum yake sa hoton ɗaki da falo a Bobiyel, ko fili mai murabba'in mita 400 a hanyar Filinge, ba ya tsammanin mai saye a ranar. Yana tuna wa mutanensa ne cewa yana nan cikin sana'a, don ranar da ƙanin wani ya samu canjin wurin aiki zuwa Yamai a ce “ai ina da lambar wani”.

A nan binciken Mark Granovetter na 1973 yake da amfani. Ya lura cewa masu neman aiki a wani gari kusa da Boston sun fi samun labarin aiki daga mutanen da suka sani sama-sama, a kan ƴan'uwa da aminai. Dalili shi ne, na kusa da mutum abin da ya sani su ma shi suka sani, sabon labari daga nesa yake zuwa. Wayar dillali rumbu ce ta irin wannan sanayya: abokin makaranta, wanda aka haɗu da shi a wurin suna, direban wata ƙungiya. A da irin wannan zumunci yana mutuwa idan ba a haɗu ba. Yanzu ana rayar da shi da hoto guda a rana. Sai dai Granovetter labari ya ce sanayyar nesa tana kawowa. Wanda zai ba da miliyon biyar yana bukatar wanda zai kama idan abu ya ɓaci, wannan kuwa sai na kusa.

Facebook aikinsa daban ne. Shafi ko zauren saye da sayarwa a buɗe yake ga wanda dillali bai taɓa gani ba, kuma ana iya biyan kuɗi a tura talla ga mazauna wani gari ko wata ƙasa, misali ƴan Nijar da ke Kwatano ko Abijan ko Faransa. TikTok kuma ya kawo bidiyon zagaya gida da kiɗa. A duka biyun na'ura ce take zaɓar abin da za a nuna wa mutane, bisa yawan kallo da tsokaci, don haka gidan bene mai tayil a Kwara Kano ya fi yawo a kan gidan laka na haya, alhali na biyun ne akasarin mazauna birnin suke nema. Yawan mabiya ma'aunin kallo ne kawai. Abin da aka saba gani shi ne tallar Facebook ko TikTok tana ƙarewa da lambar waya, daga nan magana ta koma WhatsApp, daga WhatsApp ta koma gaba da gaba. Kafar da ke buɗe tana jawo baƙo, wadda ke rufe tana mai da shi sananne.

5. Sarƙar dillalai da hoton da ba ya faɗin inda yake

Duk wanda ya leƙa waɗannan tallace-tallace zai lura da wani abu: ana nuna ɗakuna da ban-ɗaki da tsakar gida, amma da wuya a nuna ƙofar gida daga titi, ko a faɗi lambar fili da ta rukuninsa. A kan ambaci unguwa kawai, a ce “kusa da kwalta”. Dalilin a fili yake. Jarin dillali na farko shi ne ya san abin da wasu ba su sani ba, kuma a Yamai ba a saba mai gida ya damƙa wa dillali ɗaya tallar gidansa a rubuce ba. Ranar da dillali ya faɗi wurin, mai saye zai tafi wajen mai gida kai tsaye, ko wani dillali ya riga shi. Saboda haka yana tallar abu yana ɓoye shi a lokaci guda. Kuɗin da wasu suke karɓa kafin su kai mutum ya ga gida daga nan suka samo tushe.

Hoto kuwa ba shi da wuyar kwafa. Dillali na farko ya sa a zaure, na biyu ya ɗauka ya sa a Status da lambarsa, na uku ya kai Facebook. Tun 2018 WhatsApp yana sa alamar cewa saƙo turo shi aka yi, a 2019 kuma ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya, amma alamar ba ta faɗin daga wa saƙon ya fito, kuma wanda ya ajiye hoton a wayarsa ya sake aikawa ya shafe ta. Bugu da ƙari, manhajar tana goge bayanan da kyamara take liƙa wa hoto, irin su rana da wurin da aka ɗauka. Mu ɗauka mai fili ya ce miliyon 3 yake so. Na farko ya ce 3.200.000, na biyu ya ɗora nasa, kafin talla ta kai ga wanda ke zaune a Legas ta zama miliyon 4, kuma wanda yake magana da shi bai taɓa taka filin ba, bai san mai shi ba. Idan ciniki ya faɗa, rabon la'ada tsakanin mutum huɗu ko biyar ya zama wata shari'ar. Sarƙar dillalai ta girmi waya, amma a da tsawonta bai wuce inda ƙafa da sanayya suka kai ba.

George Akerlof ya yi bayanin irin wannan kasuwa a 1970, da misalin tsofaffin motoci: idan mai saye ba ya iya bambanta mai kyau da marar kyau, zai taya duka da farashin tsaka-tsaki, masu kaya mai kyau su janye, kasuwa ta cika da gwanjo. A hoto, fili mai takarda sahihiya da fili mai rigima kamarsu ɗaya: jar ƙasa, turakun siminti huɗu, wata ƴar bishiya. Hoton da aka ɗauka a watan Maris ba ya nuna inda ruwa yake kwanciya a Agusta. A Satumba 2020 kogin Kwara ya kai kimanin mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsa, ya mamaye unguwanni irin su Lamorde da Kirkisoy da Saga. Filayen waɗannan wurare da rani ba su da aibi a ido. Haka nan hoto ba ya nuna ko fili yana cikin dajin da aka fara dasawa kewaye da birnin a 1965, wanda aka daɗe ana jayayya kan filayen da aka yanka a cikinsa, ko yana kan wurin da aka keɓe don makaranta ko hanya.

Wanda wannan ya fi shafa shi ne mai saye daga nesa. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana sun sa kuɗi suna isa cikin mintoci, bincike a ofishin filaye kuwa yana cin kwanaki, kuma sai an je da ƙafa. Mai talla ya san haka, shi ya sa “akwai wani da zai kawo kuɗi gobe” ta zama kalmar da aka fi ji. Ba laifi mu tuna cewa sayen abin da ba a gani ba tsohuwar mas'ala ce a fiƙihun Malikiyya. Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, har ta yarda a biya kuɗi tun kafin a gani idan gida ne ko fili, domin ba sa saurin canzawa. Hujjar ta dace da ƙasar kanta. Abin da ke canzawa a Yamai tsakanin siffantawa da karɓa shi ne sunan da ke kan takarda.

6. Inda lamuni ya koma

Tunda sani ya yi araha, abin da ya rage wa dillali ya sayar shi ne lamuni, kuma dillalan da suka fahimci haka sun sauya irin tallarsu. Suna nuna fuskarsu da ofishinsu, suna riƙe lamba ɗaya shekara da shekaru, suna faɗin irin takardar da fili yake da ita tun a cikin talla, suna yin bidiyo a tsaye cikin filin suna ambaton ranar. Wasu suna kiran mai saye ta bidiyo su zagaya da shi, su tura masa alamar wurin a taswira don ya aiki ɗan'uwansa. Mafi ƙarfin talla a wannan sana'a ita ce wanda ya taɓa saye ya ce wa wani “ni ta hannunsa na saya, ga gidan na gina”. Saƙon murya guda irin wannan cikin zauren ƴan gari ɗaya mazauna waje ya fi mabiya dubu goma. Zaurukan ƴan gari da na ma'aikatan hukuma ɗaya da na tsofaffin ɗalibai suna yin aikin da maigida yake yi a Sabo: mai shigo da dillali ya san zai ji kunya idan aka cuci wani.

Duk da haka, ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke maye gurbin matakan da aka sani: ganin mai fili da takardar shaidarsa, gwada lambar fili da rajistar ofishin magajin gari ko ta ma'aikatar filaye, kai mai awo ya tabbatar da turaku, tambayar maƙwabta da mai unguwa, sannan biya gaban notaire ko shaidu. Muna ma ganin wata al'ada da ake ɗauka alamar gaskiya ce tana da haɗari, wato sa hoton takardar fili a zaure. Takardar tana ɗauke da suna da lamba da hatimi da sa hannu, duk abin da mai ƙirƙirar ta jabu yake bukata, kuma yaɗa ta ba da izinin mai ita ba ya shiga hurumin dokar kare bayanan mutane da Nijar ta kafa a 2017 ta sabunta a 2022. Dokar 3 ga Yuli 2019 kan laifuffukan intanet ta ba da hanyar gurfanar da mai zamba ta waya, sai dai hukunci ba ya maido da kuɗin da aka riga aka kashe.

Akwai wata matsala da ta taso a Amurka wadda ya kamata a sani. A 2016 ƴan jaridar ProPublica suka nuna cewa mai tallar gida a Facebook yana iya hana wasu jinsunan mutane ganin tallarsa, abin da dokar gidaje ta 1968 ta haramta. A 2019 ma'aikatar gidaje ta ƙasar ta tuhumi kamfanin, aka cire zaɓen shekaru da jinsi da lambar unguwa daga tallar gidaje, a 2022 kuma aka sasanta da ma'aikatar shari'a. A wajenmu tacewar ba ta bukatar na'ura: gidan hayar da aka sa a Status kaɗai, wanda ba ya cikin wayar dillali ba zai taɓa jin labarinsa ba. Ɗalibin da ya zo daga Tanut ko Bilma bai san kowa ba, shi ne zai biya mafi tsada.

Dogaro da waɗannan kafofi yana da nasa rauni. Daga 24 ga Fabrairu 2021 an katse intanet na salula a Nijar har kwana goma bayan zaɓe, ranar 4 ga Oktoba na shekarar kuma Facebook da WhatsApp suka tsaya a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Shafi na kamfani ne, yana iya rufe shi. Lambobin da ke cikin waya da littafin da dillali yake rubuta cinikinsa su ne nasa.

Ga ɗaliban da ke son tattara waɗannan tallace-tallace don nazarin farashin fili, sai a yi hattara da abubuwa uku. Farashin da ke cikin talla na tambaya ne, wanda aka biya ba ya fitowa a ko'ina, sau da yawa ma wanda aka rubuta a takardar sayarwa an rage shi saboda haraji. Fili guda yana iya bayyana sau biyar da farashi biyar, sai an gwada hotuna kafin a ƙidaya. Sannan filin da ke da takarda mai kyau da farashi mai sauƙi yakan ƙare a saƙo kai tsaye tsakanin mutum biyu tun bai kai zaure ba, don haka abin da ya daɗe yana yawo a Facebook galibi shi ne wanda na kusa suka gani suka ƙi. Samfurin da aka ɗebo daga nan zai karkata zuwa ga tsada da kuma rigima, sai an haɗa shi da hira da dillalai da rajistar notaire kafin a ɗora wani hukunci a kansa.